Ƙofa ta Biyar: Tarihin Surar Ƙaramar Mota Tsakanin Gidan Rumji da Gazawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kwalta a Caduwa ko Gazawa ranar kasuwa, da la'asar sakaliya sa'ad da mutanen ƙauye ke haramar komawa gida, ya san wannan mota. Guntuwa ce, ba ta da wutsiya, bayanta a datse kamar an sa wuƙa an yanke. Ƙofar bayan a ɗage take, an ɗaure ta da igiya bisa buhunan aya da na wake waɗanda suka leƙo waje da kamu biyu. A kan rufinta akwai kariyar ƙarfe, a kan kariyar akwai tabarmi da jarkoki, wani lokaci har da akuya a ɗaure tana kuka. A ciki kuwa mutum takwas ne ko tara, ban da goyo. Sunanta Starlet, kamfanin Toyota na ƙasar Japan ne ya ƙera ta, kuma mutum biyar kacal masu zanenta suka yi wa wurin zama.

Idan ana zancen kayan al'ada a jihar Maraɗi, abin da ke fara zuwa a rai shi ne kayan doki na fadar Tsibirin Gobir, ko zanen ƙwarya, ko jeren ɗakin amarya. Da wuya a tuna da mota, don ana ɗaukarta baƙuwa, kayan Nasara da aka saya da kuɗi. To amma motar da ta yi shekara ashirin tana kaiwa da komowa tsakanin Gidan Rumji da Cadakori, ko tsakanin Agye da Gangara, ta tashi daga baƙuwa. Sau biyu aka zana ta. Zane na fari an yi shi a masana'anta, da takarda da ma'auni, an kuma rubuta tarihinsa da sunayen waɗanda suka yi shi. Zane na biyu an yi shi a gindin dogon yaro, da guduma da wutar walda, babu wanda ya rubuta kome a kansa.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, asalin wannan sura ma daga buƙatar manomi ta fito. Kafin yaƙin duniya na biyu, shugaban kamfanin Citroën, Pierre-Jules Boulanger, ya umarci injiniyoyinsa su ƙera motar talakan karkara. Ana ruwaito cewa sharaɗin da ya gindaya musu shi ne, ta iya ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai a cikinta, ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Yaƙi ya tsai da aikin, sai a 1948 aka nuna motar a birnin Faris da sunan 2CV. Ita ba ta da ƙofar baya irin wadda ake zance a nan, amma ta buɗe hanya. Wanda ya ƙarasa aikin shi ne Pierre Dreyfus, shugaban Renault, wanda ya ce yana son motar da za ta zama kamar wandon jin: kowa ya sa, a je gona da ita, a je biki da ita. A 1961 Renault 4 ta fito, wadda ake kira Katrel. Injinta a gaba yake, tayoyin gaba ke jan ta, saboda haka daɓenta ya zama shimfiɗaɗɗe. Sandar giya daga dashbod ta fito kamar mariƙin laima, gilasan ƙofofi kuwa jan su ake yi gefe. A bayanta aka yi ƙofa guda babba wadda ke ɗagawa sama tun daga rufi har ƙasa. Wannan ita ce ƙofa ta biyar. An ƙera Katrel fiye da miliyan 8 kafin a daina a farkon shekarun 1990.

Ya kamata a ɗan tsaya a nan, don a gane abin da wannan ƙofa ta rushe. Motar manya a wancan zamani akwati uku ce: akwatin inji a gaba, na mutane a tsakiya, na kaya a baya, da bango tsakanin mutum da kayansa. Wannan bango na daraja ne, don babban mutum ba ya zama wuri ɗaya da buhu. Katrel ta mai da akwatin biyu: inji daban, sa'an nan mutum da kayansa ɗaki guda, idan kaya sun yi yawa a kife kujerar baya a ƙara musu wuri. Manomin Faransa ya gane amfanin wannan nan da nan, haka ma'aikatan gidan waya da jandarmomin ƙasar. Manomin Agye, wanda bai taɓa tafiya kasuwa hannu sake ba, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Daga nan sai masu zane suka shiga ƙawata abin da aka fara don amfani. A 1972 Renault 5 ta fito, zanen wani matashi mai suna Michel Boué, wanda Allah ya yi wa rasuwa kafin motarsa ta shiga kasuwa. Ita ce ta yaɗa bamba ta roba mai faɗi a madadin siririyar bamba ta ƙarfe mai ƙyalli. A 1974 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fitar da Golf, wadda Ba'italiye Giorgetto Giugiaro ya zana da miƙaƙƙun layuka da kusurwoyi masu kaifi, kamar takardar da aka ninke. Tsadar man fetur ta 1973 ita ta sa Turawa suka rungumi waɗannan ƙananan motoci. A 1983 Peugeot ta bi sahu da 205, Gérard Welter ya zana wajenta, Paul Bracq ya tsara cikinta. Japanawa suna kallo suna koyo: Starlet ta sami ƙofar baya a 1978, a 1984 ta koma jan tayoyin gaba, a 1989 aka sake mata jiki mai zagayayyun kusurwoyi. Tsawonta bai wuce mita 3 da santimita 70 da ƴan kai ba.

A shekarun da Turawa ke wannan gasa, ƙasar Maraɗi tana cikin wani hali dabam. Farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, wanda shi ne ƙashin bayan arzikin yankin. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, sun mai da hankali ga fataucin kaya zuwa Nijeriya, kuma abin da suke buƙata shi ne manyan motoci. A babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Birnin Ƙonni da Madawa da Gidan Rumji, ta wuce Caduwa da Agye da Gazawa da Tasawa har Damagaram, sarautar ɗaukar fasinja ta Peugeot ce: 404 mai tamfol, da 504 doguwa mai layi uku na kujeru. Wasu daga Kaduna suke zuwa, inda aka fara haɗa Peugeot a 1975. Wasu kuma matasan Turawa ne ke ratso hamada da su ta Tamanraset da Arlit da Agadas, su sayar su koma gida a jirgi, har tawaye a arewacin Nijar da rikicin Aljeriya suka rufe wannan hanya a farkon shekarun 1990. Ƙaramar mota mai ƙofar baya a lokacin ta ma'aikaci ce, ko ta Bature malamin makaranta, ko ta ƴan mishan. Ba wanda ya yi tunanin za ta ci abinci a tasha.

Abin da ya juya lamarin kuɗi ne. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye da sefa 50 ya koma 100. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, balle direban tasha. Sai kasuwar tsofaffin motocin Turai ta buɗe sosai a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, inda ake sauke su daga Beljiyam da Jamus da sauransu. Daga can ake jero su a hanya, a bi Faraku da Malanbil, a haye kogin Kwara a Gaya, a bi Doso har Maraɗi. Da yawa daga cikinsu wucewa suke yi zuwa Nijeriya ta Ɗan Isa da Jibiya, amma waɗanda suka tsaya sun isa su sake fuskar tashoshin jihar. A Yamai Starlet ta zama taksi mai jan kai. A tsallaken iyaka, wajen Katsina da Kano, Golf ta fi karɓuwa. A ƙauyukan Agye da Gidan Rumji kuwa an so Starlet don dalilan da kowane bakanike zai lissafa ba tare da tunani ba: ba ta shan mai, injinta ba ya da sarƙaƙiya, kayan gyaranta suna nan a kasuwa, kuma ba ta da nauyi, idan ta kafe a rairayi fasinjojinta sun isa su tura ta ta fita.

A nan zane na biyu ke farawa, kuma daga ƙasa yake farawa. An ƙera motar don shimfiɗaɗɗiyar kwalta, sai ga ta a hanyar amalanke, inda tayoyi suka haƙa kwari biyu suka bar tudun rairayi a tsakiya. Abu na fari da sabon mai ita zai yi shi ne ya kai ta a ɗaga ta: a sa mata sifirin mai ƙarfi na wata motar da ta fi ta girma, musamman a baya, har idan babu kaya sai a ga ta ɗaga gindi kamar fara. Da lodi ne take daidaita. Masu zane na Turai sun sha wahala wajen ganin layin gefen mota ya kwanta daidai da ƙasa. Mai walda na Agye ya san layin zai kwanta idan an ɗora buhu biyar. Bayan haka sai kariya a kan rufi, wadda ake kafe ƙafafunta a jikin ginshiƙan ƙofofi. Bambar robar nan da Boué ya yaɗa takan tsage tun a daminar fari, sai a ɗinke ta da waya, in ta ƙi a maye ta da bututun ƙarfe. Wasu sukan lulluɓe ƙarƙashin inji da faranti don kututturen gona.

Ita kuwa ƙofa ta biyar, aikinta ya sauya gaba ɗaya. Masana'anta ta yi ta don a buɗe, a sa kaya, a rufe. A nan kusan ba a rufe ta sai da dare. Sandunan iska biyu da ke riƙe ta a sama sukan mutu da wuri saboda ƙura, sai itacen geza ko guntun muciya ya karɓi aikinsu. Allon da ke rufe kaya a bayan kujera shi ake fara cirewa a jefar. A hanya ƙofar takan zama rumfa bisa kayan da suka leƙo, ko bisa kan yaron mota da ke zaune a bakin but yana lilo da ƙafafu. A kan gilashinta kuma ake rubutu, domin shi ne fuskar da na baya ke karantawa: «Allah ya kiyaye», ko «Haƙuri maganin zaman duniya», ko sunan uwar mai motar, ko habaici ga wanda ya yi masa hassada lokacin da ya saye ta. Akwai wani abu da ba a cirewa, wato ƙaramin tambari mai siffar ƙwai da ke ɗauke da harafin D ko B ko CH, da sunan garejin Turai da ya fara sayar da ita. Wannan shaida ce cewa motar ƴar Kwatano ce, ba ta zaga hannuwa da yawa ba, kuma yana ƙara mata kuɗi ranar da za a rabu da ita.

Cikin motar ya fi wajenta labari. Kujerun gaba biyu, waɗanda aka raba don birkin hannu da sandar giya su sami wuri, akan haɗe su da matashi ko guntun katifa, mutum biyu su zauna kusa da direba, wani lokaci na uku ya raba kujera da direban kansa. Baya mutum huɗu ne. Yadin kujeru na asali ba ya jure zufa da man gyaɗa da fitsarin goyo, don haka mai ɗinkin kujeru ya lulluɓe su da leda mai kauri. Mariƙin sauke gilashi sau da yawa guda ɗaya ya rage, yana wurin direba, a miƙa shi baya idan zafi ya yi yawa a dawo da shi. Ɗamarar kujera kuwa, in ba a yanke ta an yi igiya da ita ba, tana nan a naɗe. A kan dashbod akan shimfiɗa guntun darduma ko yadi mai geza don rana kada ta fasa robar. A madubi a rataya carbi, ko laya, ko ƴar kwalbar turare. A gefe a manna hoton shehin ɗariƙa, ko na ɗan kokawa, ko na ƴar wasan fim, gwargwadon inda zuciyar direba ta karkata. Wanda ya taɓa ganin yadda ake shirya doki ranar hawan salla, da jalala bisa sirdi da layu a wuya, ba zai rasa gane dangantakar ba. Abin hawa a ƙasar Hausa ba a barinsa tsirara.

Wurin zama ma yana da ƙa'ida, ko da yake ba a rubuta ta ba. Gaba na dattijo ne ko malami, ko wanda ya biya kuɗin mutum biyu. Mata a baya, kuma direban kirki yakan yi dabara kada matar aure ta matsu da baƙon namiji, ya sa yaro ko tsohuwa a tsakani. Kujerar bayan nan mai kifewa, wadda aka yi don keken yaro da kwandon cefane, ita ce gadon mai naƙuda da ake gudu da ita cikin dare daga ƙauye zuwa asibitin Agye ko na Maraɗi. A kanta ake kwantar da wanda maciji ya sara a gona. Ranar kai amarya kuma a wanke motar, a ɗaura mata ƙyallaye, a cika bayanta da kwalla da tasoshi.

Ba daidai ba ne a yi ta yabon wannan dabara a manta da kuɗin da ake biya da rai. Motar da aka ɗaga aka kuma ɗora wa kaya a rufi, nauyinta ya hau sama, ga ta gajera: taya guda ta fashe a guje, sai ta wuntsila. Birkinta an auna shi ne da mutum biyar. Babu wutsiyar da za ta tare bugu daga baya, wanda ke zaune a but tsakaninsa da babbar mota babu kome sai iska. Akwai kuma wani zanen da ya fi wannan muni, na masu fasa-ƙwaurin mai, waɗanda ke cire kujerun baya su jera jarkoki, ko su sa a ƙera wa motar ƙarin tanki, su bi daji da dare babu fitila don kai wa ƴan ruwa-ruwa. Shekara da shekaru arhar fetur ɗin Nijeriya ce ke ciyar da wannan sana'a, har aka janye tallafin mai a can a watan Mayu na 2023. Direba ba don mugunta yake yin lodi ba. Kuɗin mota kaɗan ne, ga mai, ga na hanya, ga na mai mota da yamma. Amma duk wanda ya ce talauci ya wanke kowa, bai tsaya a kan gawar da aka zaro daga irin wannan mota ba.

Malaman harshe suna da abin tsinta a garejin. Kalmomin da ke jikin motar yawancinsu daga kudu suka hauro, ta bakin direbobi da makanikan Katsina da Kano: sitiyari, birki, giya, taya, bamba, salansa, lagireto. Kalmomin da ke jikin takardunta kuwa, da na waɗanda ke tsai da ita a hanya, na Faransanci ne: farmi, duwan, jandarma. Mai kansa sunansa biyu, fetur da isansi. Wato hukuma da Faransanci take magana, sana'a da Hausar da ta sha Ingilishi. Ɗalibin da aka aika ya tattara sunayen sassan mota a tashar Gidan Rumji zai dawo da darasin tarihin iyaka wanda ya fi na littafi armashi, kuma ƙungiyoyin al'adu da ke ɗaukar hoton dawaki kowace salla ba su yi asara ba in sun ɗauki na waɗannan motoci da rubuce-rubucensu, su kuma tambayi tsofaffin masu walda wa ya koya musu.

Dalilin gaggawar shi ne, zamanin motar yana wucewa. Toyota ta daina ƙera Starlet a 1999, ta maye ta da Yaris, zanen Bagirke Sotiris Kovos, mai ƙwallon jiki da dogon rufi, wadda aka mai da agogon gudunta tsakiyar dashbod. Motocin da suka biyo baya sun fi tsare rai, ba shakka, amma cike suke da na'urorin lantarki da kwamfuta, jikinsu ya kusa taɓa ƙasa, bambarsu ta haɗe da fitilu ta yadda bugu kaɗan sai a sake duka. Irin waɗannan ba sa karɓar zane na biyu da sauƙi. Hanyar da ke kawo su ma ta yi ta tsinkewa: Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, ta rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sa'an nan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Malanbil da Gaya. A ƙauye kuma babur ya ƙwace gajerun tafiye-tafiye. A 2020 Toyota ta dawo da sunan Starlet don kasuwannin Afirka, sai dai wannan motar Suzuki ce da ake ƙerawa a Indiya aka sauya mata tambari, kuma mai albashi ke sayenta a birni.

Tsohuwar kuwa, ranar da injinta ya ƙi tashi har abada, ba a jefar da ita. Gatarin tayoyin baya yakan koma ƙarƙashin amalanken shanu ko na jaki, ya ci gaba da bin hanyar da ya saba. Kujerun sukan koma rumfar mai shayi a bakin tasha. Maƙera su yanki ƙarfen jikin su yi murhu da kaskon suya, masu takalma su ɗauki tayoyin. Ƙofa ta biyar, idan gilashinta bai fashe ba, akan ajiye ta a jingine a bangon gareji da rubutunta, har a sami wata Starlet ɗin da aka buga daga baya.